Takardun Baba Benci

Shekara ashirin da biyu mutumin nan ya yi yana zama a ƙarshen bencin ƙungiyar ƙwallon kwando ta kwalejin, har katakon wurin ya yi santsi ya fita daban da sauran. Shi ne mataimakin koci. Ɗalibai su zo su tarar da shi a nan, su yi shekara huɗunsu, su tafi su bar shi a nan. Su ne suka laƙaba masa Baba Benci, sunan kuma ya bi shi har gida, don ko mai kantin bakin layinsu da shi yake gaishe shi.

Ba haka ya tsara wa kansa ba. Da ƙuruciya ɗan wasa ne, kuma ba na yarwa ba. Yana shekara ashirin da huɗu gwiwarsa ta hagu ta goce, a wani wasan banza da ko kofi babu a kansa. Wata shida ya yi a benci da ƙafa a ɗaure yana kallon abokansa suna gudu, a nan ya gano abin da Allah ya ba shi a madadin gwiwar, wato ido. Yana iya gaya maka wanda zai gaji tun shi mai gajiyar bai sani ba. Yaron da ya fara kama bakin wandonsa in an tsai da wasa, ka ba shi minti biyu ya gama yawo. Wanda yake kallon ƙasa kafin ya yi hagu, wanda ke lasar leɓe kafin ya jefa, duk yana ganinsu. Daga nan ya koyar da motsa jiki a firamare na wasu shekaru, sannan kwalejin ta ɗauke shi.

Koci uku ya yi wa mataimaki, amma na ukun ne ya daɗe, shekara goma sha huɗu. Aradu ake ce masa, saboda in ya buga tsawa a zauren wasanni har masu karatu a laburare sai sun ɗago kai. A wasansu na farko tare, Baba Benci ya matsa kusa da shi ya ce, "Koci, a fitar da lamba biyar, ya gaji." Aradu ya juyo a gaban 'yan wasa da 'yan kallo da alƙalin wasa.

"Wa ya tambaye ka? Koci nawa ne a filin nan?"

Ya bar lamba biyar a ciki don taurin kai, aka lallasa su. Wasa na gaba Baba Benci bai buɗe baki ba. Ya yagi gefen takarda, ya rubuta abin da ya gani da fensir, ya ninke biyu, ya ajiye a gefen Aradu. Aradu ya karanta a sace, ya cusa a aljihu, ya nemi hutun minti ɗaya, ya tara yara ya zazzaga musu abin da ke takardar da tsawa, kamar yanzu aka saukar masa da shi. Suka ci wasan.

Daga ranar abin ya zama tsarin aiki. In wasa ya cije, Aradu ba ya ko waiwayowa. Yana tsaye a bakin layi yana fuskantar fili, sai ya miƙo hannun dama ta baya, tafin a buɗe, yatsu suna motsi. Baba Benci ya sa masa takarda. Kalma goma, wani lokaci biyar. Kofi biyar aka ci da waɗannan guntayen. Hotunan suna nan jere a barandar ofishin wasanni, Aradu a tsakiya rungume da kofi, baki har kunne. Baba Benci yana can ƙarshe, a hoto ɗaya ma kafaɗarsa da rabin kunnensa kawai suka samu shiga.

Takardun kuwa matarsa ce ke yanka su. Maman Auta tela ce, kekenta yana falo kusa da taga, bakinta kuma ya fi almakashinta kaifi. Duk ranar Lahadi yakan kawo mata tsofaffin fom-fom da ofis ya zubar, ta yanka su daidai faɗin tafin hannu, ta ɗaure da zare, tana yi tana mita.

"Ni na yanka, kai ka rubuta, wani ƙato ya ɗauki hoto. Malam, wannan wace irin sana'a ce muka gada?"

"Lokaci ne, Maman Auta."

"Lokacin nan naka a ƙafa yake tahowa, ko shi ma gwiwarsa ta goce?"

Sai ya yi dariya.

Lokacin ya zo yana shekara hamsin da bakwai. Hawan jini ya kwantar da Aradu, likita ya ce ko tsawa ko rai, ya zaɓi ɗaya. Kwalejin ta sanar tana neman babban koci. Saura wa Baba Benci shekara uku ya yi ritaya, ya kuma san in wannan ta wuce shi babu wata. Ba wai ya damu da ofis mai fanka da labule ba ne. So yake sau ɗaya kafin ya bar wurin ya faɗi abin da ya gani da bakinsa, a ji muryarsa, a san nasa ne. Ya cika fom. Maman Auta ta ajiye ɗinkin mutane kwana huɗu ta ɗinka masa kwat mai ruwan toka, ta rataye a bayan ƙofa cikin leda.

Mutum goma sha ɗaya suka nema, kwamiti ya tace ya bar uku. Akwai wani matashi da ake kira Dokta, wanda ya zo da kwamfuta da zane-zane masu launi, amma da aka miƙa masa ƙwallo ya riƙe ta kamar jaririn maƙwabta. Akwai Baba Benci. Na ukun shi ne Falwaya.

Falwaya ɗan gida ne. Shekara goma sha uku da suka wuce ya shigo kwalejin, dogo siriri, ƙafafu kamar an ara masa, in an jefa masa ƙwallo da fuska yake tarewa. Aradu ya kalle shi sau ɗaya ya ce a kai shi ya riƙa canza ƙwan fitila. Baba Benci ne ya riƙa buɗe masa zaure da sassafe kafin a shiga aji, shekara biyu cur, yana gyara masa tsayuwa da riƙo da jifa, har yaron ya zama abin tsoro. Ya tafi ƙasar waje ya buga shekara tara, ya dawo da mota da hotuna da wata irin tafiya. Ranar ganawa da kwamiti ya hango Baba Benci a baranda, ya taho da gudu ya rungume shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa.

"Baba! Wallahi ko tsufa ba ka yi ba. Kai ma ka shigo layin namu ne?"

Babu mugunta a muryarsa, abin da ya fi ciwo ke nan.

Kwamitin mutum biyar ne. Shugabansu wani Farfesa ne na ilimin sinadarai, mutumin kirki, wanda da ƙyar in ya san mutum nawa ke shiga fili. Sai magatakarda, da ma'aji, da wata malama da ke wakiltar malamai, da Daraktan wasanni, wanda shi kaɗai ne ya taɓa jin warin takalmin ɗan wasa. Baba Benci ya shigo ɗauke da kwali cike da littattafan da ya rubuta na shekara ashirin da biyu, kowane wasa da shafinsa. Magatakarda ya ce ya ajiye kayan a bakin ƙofa kada ya tare hanya.

"Kofi nawa ka ci da sunanka?" in ji Farfesa.

"Da sunana babu, ranka ya daɗe. Amma biyar ɗin nan da aka ci, duk ina wurin."

"Ai mai share fili ma yana wurin," in ji ma'aji, aka yi dariya.

A nan ne ya kamata ya faɗi maganar takardu. Ta zo masa har bakin harshe. Sai ya tuna Aradu kwance a gida rabin baki a karkace, ya ji in ya faɗa kamar ya tuɓe wa mara lafiya riga ne a kasuwa. Ya haɗiye. Daga nan Farfesa ya karanta wasiƙar shaida da Aradu ya aiko a kansa. Ta ce mutum ne mai biyayya, ba ya makara, bai taɓa ɗaga murya ba, yana kula da kaya. Irin wasiƙar da ake rubuta wa direba ke nan in zai canza gida. Shekara goma sha huɗu, abin da ya fito daga hannun Aradu ke nan, hannun nan da ya karɓi takarda fiye da dubu.

Kwamiti ya sallami Dokta, ya kasa rabuwa a kan sauran biyun. Darakta ya ba da shawara a gwada su a fili: a gayyato kwalejin maƙwabta a yi wasan sada zumunci biyu, kowa ya ja ragamar ƙungiya sau ɗaya, kwamiti yana kallo.

Baba Benci ne ya fara, ranar Talata da la'asar. Ya sa kwat ɗin, ya je ya tsaya a bakin layi inda koci ke tsayawa. Minti uku ya yi a nan ya ji duniya ta juye masa, don daga tsaye ba ya ganin ƙafafun yara yadda ya saba. Ya lallaɓa ya koma ƙarshen benci ya zauna, nan take fili ya buɗe masa. Har ya zaro takarda ya rubuta ya ninke, sannan ya tuna babu wanda zai miƙa wa. Ya kira yaran ya faɗa musu a hankali, sai da suka sunkuyo suka ji. Kowace ɓaraka ya toshe ta tun ba ta buɗe ba. Wanda zai gaji ya fitar da shi kafin ya kama wando. Tun daga farko har usur na ƙarshe ba a taɓa wuce su ba, suka ci da tazarar maki tara. Wasa ne mai tsabta, irin wanda sai wanda ya sani yake gane wahalarsa, kuma su kwamiti ba su sani ba. Farfesa ya yi gyangyaɗi sau biyu. Da za su fita an ji malamar nan tana tambayar magatakarda, wai shin kocin ya zo kuwa?

Ana gobe wasan Falwaya, Darakta ya tare Baba Benci a baranda ya ce don Allah ya zauna wa yaron a benci, tunda bai san sunayen 'yan wasan ba, ya riƙa taya shi lissafin wanda ya shiga da wanda ya fita. Da ya faɗa wa Maman Auta, ta tsai da keke.

"Ka ce gwiwarka ta tashi."

"Ba ta tashi ba."

"To ni zan tayar maka da ita. Malam, kai da mutum kuna neman abu ɗaya, a ce ka je ka riƙe masa fitila?"

"Sunaye kawai zan riƙa faɗa masa."

"In sunaye ne, bar fensirin a gida."

Ya ce da shi zai riƙa ƙirga laifuffukan yara, kada wani ya kai biyar a kore shi. Ta ci gaba da taka kekenta.

Ranar zaure ya cika maƙil, don labari ya zaga Falwaya ya dawo. Ya shigo da kwat baƙi da agogo mai walƙiya, yana zirga-zirga a bakin layi, yana tafi, yana tsawa, yana yi wa alƙalin wasa gardama. Kwamiti babu mai gyangyaɗi. Sai dai maƙwabtan sun yi karatun wancan kayen, sun dawo da shiri. Lamba taransu yana ratsa tsaro ta dama kamar ƙofar gidansu, ya jefa ya koma, ya jefa ya koma. Kafin a gama zango na uku an wuce su da maki goma sha huɗu. Falwaya ya cire kwat, rigarsa ta jiƙe, ya canza wannan ya canza wancan, abin sai gaba yake.

Baba Benci tun zango na biyu ya ga maganin. Lamba tara ba ya iya komai da hagu, dogon ɗan wasan maƙwabtan kuma ba ya komawa tsaron gida da wuri in sun rasa ƙwallo. Hannunsa ya riga ya rubuta: lamba shida ya manne wa tara ya tura shi hagu, da an ƙwace a ruga, kada a jira. Ya ninke ya damƙe a tafinsa, ya ce wa kansa a nan za ta mutu. Minti goma kawai suka rage. In ya yi shiru minti goma, aikin nasa ne, kuma babu mahaluƙin da zai ce ya yi laifi. Ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, mai haɗe da kunya, yana kallon allon maki yana ƙirga abin da ya rage.

Sai Falwaya ya tsaya cak a bakin layi, yana fuskantar fili. Shekara huɗu ya yi a bencin nan yana ɗalibi, ya ga yadda ake yi. Bai waiwayo ba. Ya miƙo hannun dama ta baya, tafin a buɗe, yatsu suna motsi.

Da a ce Baba Benci ya yi tunani ya ga ya dace ya ba shi, da ya samu abin da zai riƙa faɗa wa kansa daga baya. Bai yi tunanin komai ba. Hannu ya miƙo, hannunsa ya amsa, kamar yadda mutum ke amsa sallama yana tsakiyar fushi. Sai da ya ga Falwaya yana cusa takardar a aljihu yana neman hutu, sannan ya dubi tafinsa ya ga babu komai sai gumi.

Sauran kowa ya gani. Shida ya manne wa tara, tara ya koma kamar wanda aka ɗaure wa hannu. Aka riƙa ƙwacewa ana rugawa. Goma sha huɗu ta koma takwas, ta koma uku, ana saura daƙiƙa biyar suka wuce da maki biyu. Zaure ya kama da ihu, ɗalibai suka ɗauki Falwaya a kafaɗa duk tsawonsa. Farfesa da kansa ya miƙe yana tafi, hularsa a karkace. Baba Benci ya tattara ƙwallaye ya zuba a raga ya kai sito, tunda dama aikinsa ne.

Bayan kwana uku Darakta ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, ya kunna masa fanka, daga nan ya san amsar. Ya saurara har aka gama zagaye-zagaye. Sannan, karo na farko a rayuwarsa, ya buɗe baki a kan abin.

"Ranka ya daɗe, abin da ya juya wasan nan, ni na rubuta shi."

"Mun sani, Malam. Mun ga takardar. Ni tun zamanin Aradu nake ganinta, ni na nuna wa Farfesa ma."

"Kun gani?"

"Ai ita ce ta raba mana gardama. Duba, mu yi maganar manya. In muka ba ka, yaron nan gobe wata kwaleji za ta ɗauke shi. In muka ba shi, kai ina za ka? Kana nan. Ga murya ga ido, duk mun haɗa. Kuma in ka zama koci, wa zai riƙa rubuta maka takarda? Irinka ba a samu, Malam. Yabo ne wannan, ka ɗauke shi a yabo."

Duk da haka sai da ya ɗan rusuna kafin ya fita, ya kuma ja musu ƙofa a hankali. Ashe duk shekarun nan da yake ɓoye sirrin Aradu, babu sirrin. Kowa ya san wanda ke gani, sun dai ga ya fi musu amfani a inda yake.

A bakin zaure ya ci karo da Falwaya yana gwada sabon usur.

"Baba, ni da kai babu mai tsaya mana bana, ka rubuta ka ajiye."

"Tsaya in tambaye ka. Ranar nan da ka miƙo hannu, ka san zan ba ka?"

Falwaya ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa.

"Haba Baba. Kai ka taɓa hana wani?"

Maman Auta ba ta yi faɗa ba, shi kuwa da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta sauke kwat ɗin daga bayan ƙofa ta ninke ta sa a ƙasan akwati. Ranar Lahadi ya shigo da tsofaffin fom-fom a hammata, don ƙafa ta saba, ta dube su ta dube shi.

"Almakashina na ɗinki ne, Malam. Ya gama yi wa 'ya'yan wasu aiki."

Ya zuba takardun a kwandon shara da hannunsa. Ya ce mata ya gama shi ma. Zai zauna a bencinsu ya ƙirga ƙwallaye har shekara ukun su cika, amma ko harafi ɗaya ba za a ƙara gani daga gare shi ba. Ranar wasan farko na gasa ya zaro fensirin daga aljihu ya ajiye mata a kan keke, ta gani da idonta. Ita kuma, wadda shekara ashirin da biyu ba ta taɓa taka zauren nan ba, ta yafa mayafi ta ce yau sai ta je ta ga wannan rana. Ta samu kujera a layi na uku, daidai inda za ta riƙa ganinsa, ta ɗora jaka a cinya.

Zango na uku aka wuce su da takwas, aka koma goma sha ɗaya. Baba Benci ya ga ɓarakar tun da wuri, ƙarama ce, kalma shida ta ishe ta. Ya zauna a kan tafukansa biyu. Falwaya ya yi tsawa, ya cire kwat, sannan ya tsaya ya miƙo hannu ta baya. Babu abin da ya sauka a ciki. Yatsun suka ƙara motsi. A cikin fili lamba shida, yaron da Baba Benci ya yi shekara biyu yana buɗe wa zaure da sassafe, ya sunkuya ya kama bakin wandonsa, ya ɗago. Bai kalli koci ba, ƙarshen benci ya kalla.

Baba Benci ya miƙe. Ya ɗingisa zuwa teburin masu rubuta maki, ya ce wa ɗalibar da ke wurin, "'Yata, ara mini biro." Ya yagi gefen takardar sunayen 'yan wasa, ya dafa ta a kan gwiwar nan da ta goce, ya rubuta. Da ya ɗaga kai wajen layi na uku, kujerar babu kowa, sai bayan mayafinta da ya hango yana fita ta ƙofa. Hannun Falwaya yana nan a miƙe. Ya ninke takardar biyu, kamar kullum.